Aper Ya Ci

Ashige, ta Lafiya
Ranar Talata

Zuwa ga maigidana, Baban Doon,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya ƙafarka? Yaya ƙanwarka Ngumimi da mutanen gidanta, da duk na Keana? Ka gaishe mini da su.

Mu nan ga yadda muke. Jikarka Seember ta yi zazzaɓi, ta warke, ta koma makaranta. Baƙar akuyar ta haifi biyu, ɗaya bai tashi ba. Jinina ya hau, Doon ta auna ni ta canza mini magani. Ita Doon ba ta kwanta ba, amma ba zan ce maka lafiyarta ƙalau ba, don zanen da take ɗaurawa yanzu yana zagaye ta har ya yi saura. Tersugh kuwa garas yake, ina ganin fuskarsa a fosta a jikin kowace bishiya daga nan har bakin titi. Doyarka tana neman sanda, na sa an fara kafawa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Wayarka a kashe take tun da ka tafi, in na kira Ngumimi kuma sai ta ce yanzun nan ka fita. Shi ya sa na yago takarda daga littafin da nake zuwa da shi ajin Malama Dijatu. Hannuna ne wannan, ba wanda ya rubuta mini, ba kuma wanda ya karanta. Ka yi haƙuri da karkatar layin, da furfura na koyi riƙe biro. Da Hausa na rubuta don ban iya rubuta Tibi ba, kai kuma har yau ba ka jin Egon. Da Hausa ka neme ni, da ita za mu yi wannan magana.

Zan faɗa maka yadda na ga abin, in na yi kuskure ka gyara mini.

Kansilanmu ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Aka ce za a yi zaɓen cike gurbi, jam'iyya ta ce wannan karon na Tibi ne. Sai 'yarmu Hembadoon ta ajiye aikinta na asibiti ta fito. Sai Tersugh, ɗan marigayi ƙaninka Tavershima, shi ma ya fito. Yaran da na yi wa wanka a baho ɗaya. Gabana ya faɗi tun ranar, amma mutane suka ce ba damuwa, ai duka biyun sunan gidanku Aper suke amsawa, kuma ciyaman na mazaɓa, wato kai, uba ne gare su duka, in shi ya ƙirga ba mai cewa ya yi son kai.

Ranar fid da gwani a filin firamare aka yi ƙato bayan ƙato. Na tsaya a bayan Doon, ban ɓoye wa kowa ba. Layinmu ya wuce gindin mangwaro ya lanƙwasa har wajen famfo. Na Tersugh ban ga ya kai mangwaron ba. Kai ka bi layukan kana dafa kafaɗar kowa kana ƙirgawa. Kana cikin yi hadari ya taso. Sharfaddeen, jami'in da jam'iyya ta turo daga Lafiya, ya kwashi takardunsa ya shige aji don kada su jiƙe. Ruwa ya sauko. Ka ɗauki lasifika ka ce, "Aper ya ci!" Ka faɗi yawan mutanen wanda ya ci, ka faɗi na ɗayan.

Mu da muka san bakinka muka ɗaga Doon sama muna guɗa cikin ruwa. Mun san ba ka taɓa ce wa mace "ta" ba tun da aka haife ka. Shi kuwa Sharfaddeen iyayensa mutanen Kano ne, a kunnensa "ya" namiji ne kawai. Ya rubuta cewa Tersugh Aper ya ci. Wakilinmu ya sa hannu a tsaitsaye bai duba ba, yana sauri kada rawa ta wuce shi. Ba mu san komai ba sai da hukumar zaɓe ta manna suna a bango. Washegari ka ce za ka je duba Ngumimi, ka ɗauki 'yar jakarka.

Ban ga laifinka a wannan kalma ba. Ni ma haka nake magana kafin in shiga aji, haka rabin kasuwar Lafiya ke magana. Malama Dijatu ta sha fama da ni, tana cewa Maman Doon, kaza ta yi ƙwai, zakara ya yi cara. Da na dawo gida ina gyara maka, ka tuna abin da ka ce? Ka ce in ƙyale ka, ba da "ta" da "ya" ake sayar da doya ba. Muka yi dariya. To yanzu ba dariya ba ne.

Doon ta je sakatariyar jam'iyya har takalminta ya tsinke. Sun ce suna ya riga ya tafi. Sharfaddeen bai yi mata gardama ba, ya ce shi abin da ya ji ya rubuta, in ciyaman ya zo ya ce ba haka yake nufi ba, shi ba ya jin kunyar cewa ya yi kuskure. Amma ciyaman ba ya nan. Don haka ta kai ƙara kotu. Na san ba za ka so ba. Ni na ce mata ta je.

Ka dawo gida, Baban Doon. Baballe direba zai ba ka wannan hannu da hannu. Ka ba shi amsa.

Ni ce matarka,
Ashezi


Ashige
Ranar Asabar

Maigidana Baban Doon,

Ina gaishe ka da kyau. Ina fatan sanyin damina bai tayar maka da ciwon ƙafar ba. A gaida Ngumimi.

Seember lafiya, tana tambaya ina Kaka. Ɗan akuyar da ya rage yana tsalle. Ni dai da sauƙi. Doon ta fara tari, ta ce ba komai.

Baballe ya kawo mini ƙullin gishirin Keana da ka aiko. Na gode, gishiri ne mai kyau. Na kwance ƙullin har ƙasa ina neman takarda ban gani ba. Na tambayi Baballe ko ta faɗi a mota, ya ce Mama, gishiri kaɗai aka ba ni.

Mun shiga kotu ranar Laraba. Ban taɓa shiga irin wurin ba. Muka sauka a tasha muka hau keke napep, mai keken da ya ji inda za mu ya ce, au, ku ne masu shari'ar "ya" da "ta"? Ka ga har inda maganar gidanmu ta kai. Na ja gyalena na rufe kai.

A ciki da Turanci ake komai, tafinta yana juyawa. Lauyan Tersugh ya kawo bidiyon da wani ya ɗauka da waya. Ba a ganin layi a ciki, sai lema da ruwa da bayan mutane. Amma muryarka ta fito tsaf. Na ji ka kamar kana tsaye a bayana, sai da na waiga. Alƙali ya ce tafinta ya faɗa masa me aka ce. Tafinta ya juya da Turanci, ya sa kalmarsu ta namiji. Lauyan ya ce to ga shi, mai ƙirga da bakinsa ya ce namiji ne ya ci, namiji ɗaya ne kuma a takarar. Ya sa aka maimaita muryar, yana kaɗa kai kamar mai jin waƙa.

Aka kira shaidu. Namu suka ce layin Doon ya kai famfo. Nasu suka ce layin Tersugh ne ya kai famfo, mu masu fakewa ne a gindin mangwaro. Har da mutumin da na ga ya tsaya a gabana a layinmu, ya ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki ya ce bayan Tersugh ya tsaya. Ba zan rubuta sunansa ba, kana cin abinci da shi. Alƙali ya cire tabarau ya ce shi bai ga famfo ba, bai ga mangwaro ba, ina mutumin da ya ƙirga? Lauyanmu ya ce ba ka da lafiya. Na sunkuyar da kai, don na san ƙafar ba ta hana ka zuwa Keana ba.

Gida ya rabu biyu. A coci lokacin sujada, matan zumunta na layin Tersugh sun koma bencin hagu. Wasu suna cewa Doon ta yi aure, ta zama ta wani gida, me ya sa ba ta ɗauki sunan mijinta ba ta bar wa namiji sunan Aper. Na ce musu da sunan ta yi makaranta, da sunan ta karɓi haihuwar 'ya'yansu a asibiti, ran nan ba wadda ta tambaye ta sunan wa take ɗauke da shi.

Shekaranjiya da yamma Tersugh ya zo. Shi kaɗai, ba motar masu raka shi. Ya durƙusa a bakin madafa ya ce Mama, ina wuni. Na so in ƙi amsawa, bakina ya amsa da kansa. Na zuba masa sakwara da miyar kuɓewa, ya cinye ya suɗe hannu kamar da. Sai na ce masa, Tersugh, ka dube ni, layin wa ya fi tsawo? Ya ce Mama, ni a gaba nake tsaye, ba ni da ido a ƙeya. Na ce amma kana da kunne, ka san yadda Babanku ke magana. Ya yi dariya kaɗan, sannan ya daina. Ya ce manyan da suka tsaya masa ba za su bar shi ya janye haka kawai ba, za su ce mace ta kore shi da kuka. Amma in Baba ya tsaya ya kira sunan Doon da bakinsa, shi ba zai ɗaukaka ƙara ba, ko sun ce ya yi. Ya ce Baba ne ya riƙe ni, ba zan ƙaryata shi a gaban mutane ba.

Ka ji. Yaron ma kai yake jira.

Ina ganin na san abin da ya zaunar da kai a Keana. Ina wurin ranar da Tavershima ya kama hannunka a gadon asibiti ya ce ga Tersugh nan. Ka riƙe amana. Ka sa shi makaranta kafin ka sa taka 'yar, ka ba shi gonar fadama, ka yi masa aure. Ban taɓa cewa uffan ba, don ni ma ɗana ne. Amma Tavershima bai ce ka ba shi abin da mutane suka tsaya cikin ruwa suka ba wata ba.

Lauyanmu ya ce in ba ka zo ba, ni zan shiga in yi shaida kan yadda kake magana. Na ce masa ba na so a yi wa mijina dariya. Ya ce to mijin ya zo. Zan shiga ranar Laraba mai zuwa in ban gan ka ba. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka ji a bakin wani.

Matarka,
Ashezi


Ashige
Ranar Alhamis

Baban Doon,

Ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da masu masaukinka.

Seember lafiya. Tarin Doon ya ƙaru, ta ƙi zama ta sha magani kamar yadda take sa wasu. Ni kaina yana sarawa tun jiya, amma hannuna ba ya rawa, don haka zan rubuta.

Baballe ya faɗa mini saƙonka na baki. Wai abin da ka faɗa ka faɗa, ba ka yi ƙarya ba, in kuma aka ji shi wani iri, wataƙila Allah ne ya so haka. Na sa ya maimaita mini don in tabbata. Baban Doon, ranar da ka ɗauki lasifika ba ka yi ƙarya ba, na yarda. Amma tun daga ranar da ka ga sunan a bango ka ɗauki jaka, kullum kana yin ta, ko da ba ka buɗe baki ba. Kada ka sa Allah a ciki. Ba shi ya kashe wayarka ba.

Jiya na shiga. Na sa zanen zumunta, na rantse da Littafi. Lauyanmu ya tambaye ni shekarunmu da aure, na ce tun kafin a ba mu jiha. Ya ce a duk zaman nan yaya kake kirana in kana ba wani labarina. Na ce "shi". Ya ce in ba da misali. Na rasa wanda zan faɗa, sai na faɗi wanda ya fi zama a raina. Na ce ranar da na haifi Doon, ka hau keke ka je gidan babana da gudu, ka tsaya a ƙofa kana haki ka ce, "Ashezi ya haihu! Ya haifi mace, ya yi kama da uwana!"

Kotu ta fashe da dariya. Tafinta ya kasa juyawa, ya riƙe baki. Har ɗan sandan bakin ƙofa. Ni ban yi dariya ba. Ranar nan ita ce ranar da na fi ganinka cikin murna a duniya, ga shi na kawo ta kasuwa an yi mata dariya. Na dubi Doon, ta rufe fuska da hannu. Na dubi Tersugh, shi ma bai yi dariya ba, ƙasa yake kallo.

Lauyansu ya taso ya ce, Mama, ke da kike gyara wa mijinki Hausa, a ina kika yi digiri? Na ce a ajin yaƙi da jahilci, ranar Litinin da Alhamis, bayan na dawo daga gona. Ya ce to kin iya shiga cikin kan mijinki ki ga wa yake nufi? Na ce a'a. Ya ce shi ke nan, ya zauna. Gaskiya ya faɗa. Alƙali ma haka ya ce, cikin ladabi. Ya ce maganata ta nuna yadda kake magana, amma ba ta nuna abin da ka ƙirga ba. Tunda kana ce wa mace "ya" kana ce wa namiji "ya", to kalmar ba ta kowa ba ce. Ya ce zaɓe ya matso, ba zai sake ɗagawa ba bayan wannan. Ya sa ranar Alhamis mai zuwa. In mai ƙirga bai zo ba, zai bar sunan da jam'iyya ta aika.

Da muka fito lauya ya ce akwai hanya. A ba shi izini ya karɓo sammaci, a kai maka Keana, in ka ƙi a zo da kai. Doon ta ce a'a. Ya ce Madam, aikinki kin ajiye, kujera za ta tafi. Ta ce ta sani. Ta ce ba za a sa ubanta a bayan mota kamar ɓarawon akuya saboda ita ba, gara ta janye ƙarar ranar Litinin kowa ya huta. Muka hau keke zuwa tasha. Sai da muka zauna a mota ta ce, Mama, ni ba kujerar ce ke cina ba. Ya dafa kafaɗar kowa a layina, ya san yawansu, ya kuma tafi.

Na roƙe ta kada ta janye sai na ji daga gare ka. Ta ce ta ba ni zuwa Litinin.

To ga abin da na yanke, kuma ban yi shawara da kowa ba, ko fasto.

Ba zan sa a kawo maka sammaci ba, tunda 'yarka ta hana. Amma ni ba ta hana ni ba. In Lahadi ta wuce ban ji daga gare ka ba, Litinin da safe zan hana Doon zuwa wurin lauya ko da zan kulle ta a ɗaki, in hau motar Baballe in zo Keana. Zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Ngumimi. In ka fita gona zan bi ka, in ka shiga coci zan zauna a bayanka. Ba zan yi faɗa ba, ba zan ɗaga murya ba, ka san ba halina ba ne. Zan zauna ne kawai har ka ɗauki jakarka. Duk wanda ya tambaye ni me nake jira zan gaya masa.

Kuma ka ji wannan da kyau, don na daɗe ina juya shi kafin in rubuta. Ban ce lallai ka zo ka ce Hembadoon ba. Ni a cikin layi nake, kai ne ka bi shi daga farko har ƙarshe. In ka tsaya gaban alƙali ka ɗora hannu a Littafi ka ce Tersugh, zan haɗiye. Zan riƙe 'yata ta yi kukanta, in je in yi wa Tersugh barka, in dawo in daka maka sakwara kamar kullum. Amma sai ka kira suna. Ba Aper ba, ba "ya" ba, ba "shi" ba. Sunan da aka raɗa wa yaron, da bakinka, ina zaune a benci ina kallonka. Yaran nan biyu za su iya rayuwa da kowace amsa. Abin da ba za su iya ba shi ne su tsufa suna gardama kan abin da ubansu yake nufi, yana raye bai faɗa ba.

Na wanke farar rigarka na goge ta, tana rataye. Baballe yana tashi daga Keana ranar Lahadi bayan sujada, na ce ya ajiye maka kujerar gaba saboda ƙafar. In ba za ka shigo motar ba, ka rubuto mini ka ce ba za ka zo ba, da hannunka, in san in haɗa tabarmata. Ko wanne ne, ina son amsa kafin rana ta faɗi ranar Lahadi.

Allah ya kiyaye hanya.

Ni ce matarka, uwar Doon da Tersugh,
Ashezi